Kyamarar gaban mota: a sayi wadda za ta jure rana, ta karanta lamba

A kowane shataletale na Kano, Kaduna ko Sakkwato, idan mota biyu suka gogi juna, abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Direbobi su fito, kowa ya zagaya ya duba bambarsa, sai murya ta fara tashi. "Malam, kai ka shigo mini hannu!" "Haba Alhaji, wallahi a tsaye ka same ni." Kafin minti biyar 'yan kallo sun cika wurin, masu A Daidaita Sahu suna ta danna hon a baya, kuma cikin duk waɗanda suka taru da ƙyar a sami mutum ɗaya da ya ga abin da idonsa. Wanda ya gani ɗin ma, da an ambaci ofishin 'yan sanda zai sulale, don ba mai son ya bar neman abincinsa ya wuni a kan benci yana jiran a rubuta bayaninsa. Maganar takan ƙare ne a hannun wanda ya fi baki, ko ya fi sanin mutane, ko motarsa ta fi tsada. Sau da yawa mai gaskiya ne ke biyan kuɗin fenti.

Don irin wannan rana aka ƙera kyamarar gaban mota. 'Yar na'ura ce da ba ta kai tafin hannu ba, ana manna ta a gilashin gaba a bayan madubi, ta kunna kanta da an tayar da mota, ta yi ta ɗaukar hanya har a kashe inji. Aikinta guda ne, wato ta ba da shaida. Saboda haka tambayar da ta kamata mai saye ya shiga kasuwa da ita ita ce: ranar da abu ya faru, wannan na'urar tana aiki kuwa, kuma abin da ta ɗauka zai karantu? Mafi yawan rubuce-rubucen da ake ƙawata kwali da su ba su amsa wannan tambaya.

Rasha ce ta fara jawo hankalin duniya ga waɗannan kyamarori. Da safiyar 15 ga Fabrairun 2013 wani dutse daga sararin samaniya ya keto ya tarwatse a saman birnin Celyabinsk, ƙararsa ta farfasa gilasan gidaje, mutum kusan 1,500 suka ji rauni. Cikin sa'o'i kaɗan intanet ta cika da bidiyon abin daga kowace kusurwa, har masana taurari suka yi amfani da su wajen lissafa hanyar da dutsen ya biyo. Direbobin da suka ɗauka suna kan hanyarsu ta zuwa aiki ne kawai. Sun sa kyamarorin tun da farko saboda 'yan damfara masu faɗawa gaban mota da gangan don a biya su, da jami'an hanya masu ƙaƙaba laifi, da kuma kotunan da ba su cika gamsuwa da maganar baki ba.

A watan Oktoban 2024 an ga irin wannan damfara ƙuru-ƙuru a birnin Niyok na Amurka, a kan titin Belt Parkway. Wata mota ta sha gaban wata mata, ta taka birki, da matar ta tsaya ba ta buge ta ba sai motar ta sa ribas ta dawo ta daki gabanta. Mutanen ciki suka fito suna dafe kai kamar waɗanda aka yi wa illa. A ka'idar da kowa ya sani, wanda ya bugi mota ta baya shi ne mai laifi, don haka da ba don kyamarar da ke gilashin matar ba, da ita za a ɗora wa komai. Bidiyon ya bazu, daga baya aka kama wanda ake zargi.

Kotuna ma sun fara karɓa. Ranar 15 ga Mayun 2018 babbar kotun tarayya ta Jamus ta yanke hukunci cewa ana iya karɓar bidiyon kyamarar mota a matsayin hujja a shari'ar haɗari, duk da cewa ɗaukar mutane ba ƙaƙƙautawa ya saɓa wa dokar kare sirri ta ƙasar. A Nijeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofa ga hujjar da na'ura ta samar, amma da sharaɗi: sai an nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, kuma a haɗa da takardar da ke bayyana yadda aka samo abin. Kyamarar da agogonta ke nuna shekarar da ta wuce, ko wadda ke tsallake daƙiƙoƙi, ta ba lauyan ɗaya ɓangaren abin kamawa. Kuma tun daga Janairun 2023, lokacin da hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙananan motoci daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar ɓarnar dukiya da inshorar ke iya biya ta kai naira miliyan 3. Kuɗi irin wannan kamfani ba ya fitar da shi sai an tabbatar masa wane ne mai laifi.

To wacce za a saya? A ƙasar Hausa abu na farko da ya kamata a duba shi ne zafi, tun kafin a zo batun kyan hoto.

A 2018 masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona da ke Amurka sun ajiye motoci a rana a ranakun da zafin gari ya kai digiri 38, suka auna bayan awa ɗaya. Saman dashbod ya kai kusan digiri 69. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai kuwa, watan Afrilu yakan haura digiri 40 cikin sauƙi, kuma motar ma'aikaci ko ɗan kasuwa takan wuni a filin da ba ko inuwar bishiya, tun daga hantsi har la'asar. Kyamara tana manne a gilashi, wurin da rana ta fi duka. Yawancin masu arha ƙaramin batirin litiyam ne a cikinsu, irin na waya, wanda ba a yi shi don wannan gashi ba. Bayan 'yan watanni sai ya kumbura, ya tsage jikin na'urar, ko ya daina riƙe wuta. Illar ba ta tsaya a nan ba. Batirin nan shi ke ba kyamara 'yan daƙiƙoƙin da take buƙata ta rufe bidiyon ƙarshe idan wuta ta yanke. A haɗari mai tsanani wutar mota takan yanke nan take. Idan batirin ya riga ya mutu, guntun bidiyon da ya lalace shi ne daidai na lokacin haɗarin.

Maganin wannan shi ne kyamara mai amfani da abin da ake kira sufakafasita maimakon batir. Ba ta riƙe wuta mai yawa, sai dai ta daƙiƙoƙin rufe bidiyo, amma ta fi jure zafi nesa ba kusa ba, kuma ba ta kumbura kamar litiyam. Kamfanoni irin su Viofo, da Thinkware da BlackVue na Koriya ta Kudu, sun daɗe da komawa kanta a yawancin kayansu. Hanyar ganewa ba ta da wuya. A kwali ko takardar ciki akan rubuta, tare da iyakar zafin da na'urar ke ɗauka, wanda ya kamata ya kai digiri 65 zuwa 70. Idan kuma aka cire wayar wuta kyamara ta ci gaba da aiki na mintuna, to batir ne a cikinta. Wasu masu shago sukan nuna wannan a matsayin abin yabo, su ce "ka ga tana riƙe caji". Ga motar da ke wuni a rana, wannan dalili ne na ajiye ta a nemi wata.

Sai hoto. Kusan kowane kwali a kasuwa yanzu an buga masa 4K da manyan baƙaƙe. 4K na gaskiya yana nufin ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, ninki huɗu na 1080 da aka saba. Amma da yawa cikin masu arha ƙaramin hoto suke ɗauka, sai manhajar ciki ta buɗa shi ya cika girman 4K ba tare da ƙarin ko ɗigo ɗaya na gaskiya ba. Bidiyon ya ci wuri a banza, lambar mota kuma ta fito a dame. Kyamara mai 1080 ko 1440 ta gaskiya, daga kamfanin da aka sani, ta fi 4K na jabu amfani.

Da rana tsaka kusan kowace kyamara takan yi abin kai. Da dare ake gane bambanci. Lambar motar Nijeriya fara ce mai mayar da haske, da fitila ta haska ta sai ta zama farin fili a bidiyon kyamara mai rauni, ba harafi ba lamba. Ga kuma masu tahowa da babbar fitila ba su rage wa kowa, ga titunan da ba fitilar kan hanya. Abin da ke taimakawa shi ne ingancin sensar da ke karɓar haske, inda samfurin STARVIS na kamfanin Sony, musamman zubi na biyu, ya yi suna, tare da fasahar HDR mai daidaita wurin haske da wurin duhu a hoto ɗaya. Duk da haka babu kyamarar da ke kama kowace lamba a kan gudu cikin duhu. Shi ya sa gogaggun direbobi ke da wata dabara mai sauƙi: da abu ya faru, sai su karanta lambar motar da ƙarfi, makirfon kyamara ya ɗauki muryarsu.

Kada ɗan ƙaramin allon da ke jikin na'ura ya ruɗi mai saye, don a kansa komai kyau yake yi. Ya roƙi mai shago a fita bakin titi a ɗauki minti ɗaya, a buɗe a kwamfuta ko babbar waya, a tsayar da bidiyon a kan wata mota mai wucewa, a gani ko lambarta ta karantu. Mai kaya na ƙwarai ba zai ƙi ba. Faɗin gani kuma digiri 130 zuwa 150 ya wadatar. Masu tallar 170 suna kwaso gefe da gefe, amma komai sai ya ƙanƙance ya lanƙwashe, motar da ke kusa ta yi kamar tana nesa.

Abin da ya fi kashe amfanin kyamarori shi ne wanda aka fi rainawa, wato katin memori. Kyamarar mota tana ɗauka ne gunduwa-gunduwa, minti ɗaya ko uku ko biyar, idan kati ya cika sai ta goge mafi tsufa ta rubuta sabo a kai, haka take yi kullum. Katin waya na yau da kullum ba a yi shi don wannan wahala ba, yakan gaji ya mutu shiru, fitilar kyamara na ci gaba da ƙyaftawa, mai mota na zaton ana ɗauka. Akwai katunan da aka ƙera musamman don wannan aiki, irin su SanDisk High Endurance da Samsung PRO Endurance, kuma su ya kamata a nema. Ga kuma bala'in jabu. Akan ɗauki kati mai gigabait 8, a sauya bayanin cikinsa ya riƙa nuna 128. Waya za ta yarda, kyamara ma za ta yarda, amma duk abin da ya haura takwas ɗin ya tafi, kamar mai ɗura ruwa a tulun da ya huje a gindi. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna H2testw da ke cika kati ta sake karantawa ta faɗi girmansa na gaskiya, kuma duk mai gyaran waya da ya san aikinsa zai iya gwada wa mutum.

Lissafin girma shi ma yana da muhimmanci. Bidiyon 1080 yana cin kusan gigabait 6 a awa. Kati mai 32 ke nan awa biyar kacal yake riƙewa kafin ya fara cinye kansa, idan kuma kyamarar gaba da baya ce, rabin haka. Direban da aka goga da safe a Zariya, ya ce bari sai ya isa gida da dare ya duba, yana iya tarar da bidiyon ya riga ya goge. Don haka 64 shi ne mafi ƙanƙanta, 128 ya fi kwanciyar hankali, kuma da abu ya faru a danna maɓallin kulle bidiyo ko a zare katin. Kyamarori suna da sensar girgiza mai kulle bidiyo da kanta idan ta ji duka, sai dai a hanyoyinmu masu ramuka da tudun rage gudu takan ɗauki kowane rami a matsayin haɗari, ta yi ta kullewa har kati ya cika da abin da ba ya goguwa. A rage ƙarfin jinta zuwa ƙasa, a kuma wanke katin daga cikin kyamarar kamar sau ɗaya a wata, bayan an buɗe an tabbatar tana ɗauka.

Wanda aljihunsa zai iya, ya sayi mai ido biyu, gaba da baya. A cunkoson gari yawancin gugar daga baya ko gefe take zuwa, daga babur ko Keke mai neman kutsawa. Sai dai gilashin baya mai duhu yana rage mata gani da dare. Direban tasi da na motar haya kuwa akwai mai ido uku, na ukun yana kallon cikin mota da hasken da ido ba ya gani, abin da ke kare direba daga ƙazafi, ya kuma kare fasinja daga mugun direba.

Cikin ƙarin abubuwan da ake talla, biyu ne suka cancanci kuɗinsu. GPS yana daidaita agogo da kansa, ya rubuta wuri da gudu a jikin bidiyo. Wi-Fi kuma yana ba da damar a tura bidiyon zuwa waya nan take a bakin hanya, a nuna wa jami'i ba tare da an miƙa masa katin ba, don katin asali bai kamata ya bar hannun mai shi ba sai an kwafe. Sauran, irin su ƙararrawar fita daga layi a titin da ba a zana masa layi ba, ko babban allo mai haske a fuskar direba da dare, ba su da wani amfani a nan.

Wurin mannawa shi ne bayan madubi, inda waifa ke sharewa, ba inda za ta tare wa direba gani ba. Mai gam ta fi mai roba mai tsotsar gilashi, wadda zafi ke sakewa ta faɗo. Lokacin hunturu ƙura kan kwanta a gilashi ciki da waje, kuma gilashi mai datti yana mayar da kyamara mai tsada ta banza. Mai son ta ci gaba da gadi bayan an kashe mota dole a haɗa ta da akwatin fiyus, kuma wannan aikin mai wayarin ne da ya ƙware, wanda zai bi da waya nesa da jakar iska ta gefen gilashi. Lallai a sa 'yar na'urar da ke yanke wuta idan batirin mota ya sauka kusa da bolt 12, in ba haka ba mai tsohon batir zai wayi gari mota ta ƙi tashi. Manyan motoci irin su tirela bolt 24 suke amfani da shi, sai a duba ko kayan sun dace. Ƙaramar baƙar kyamara da ke ɓuya a bayan madubi ta fi, don mai ƙyalli tana kiran mai fasa gilashi.

Akwai gaskiyar da mai saye ya kamata ya sani tun kafin ya biya. Kyamara ba ta san mai ita ba. Idan shi ne ya keta danja, ko yana gudun kilomita 140, ko yana riƙe da waya, haka za ta nuna, da gudun a rubuce a ƙasan hoto. Wannan alheri ne. Uban da ya ba ɗansa mota, da mai motar haya da ya damƙa wa direba rayukan mutum goma sha takwas, suna da haƙƙin sanin yadda ake tuƙi a bayan idonsu, kuma direban da ya san ana ɗauka yakan sassauta ƙafa.

Tana kuma ɗaukar murya, ta iyali da ta baƙo. Kusan kowacce tana da maɓallin kashe makirfo, kuma ladabi ne a sanar da wanda aka ɗauko, a motar haya ma a manna sanarwa. Nijeriya ta yi Dokar Kare Bayanai a 2023, don haka kamfanin sufurin da ke tara bidiyon fasinjoji yana da nauyin tsare shi. Abin da ya fi ciwo shi ne ɗabi'ar da ta riga ta yi katutu ta watsa hotunan haɗari a Facebook, TikTok da WhatsApp. Iyalai da dama sun fara sanin rasuwar ɗansu ne daga bidiyon da wani ya tura a waya, gawa a kwance ba ko mayafi. Yawaitar kyamarori na iya ƙara wannan ta'asa idan ba a yi hattara ba. Bidiyon haɗari na jami'an bincike ne, da kotu, da kamfanin inshora, da iyalan da abin ya shafa idan sun nema.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowace nahiya asara. Wasu ƙasashe sun mayar da kyamarorin direbobi makamin rage wannan. A Birtaniya 'yan sandan yankin Wales sun fara wani shiri mai suna Operation Snap, inda direba ke aika bidiyon tuƙin ganganci ta intanet a bincika, kuma a 2018 kamfanin Nextbase ya buɗe shafi guda da ke isar da irin waɗannan bidiyo ga rundunonin 'yan sanda. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya, wadda ke aiki tun 1988, ta taɓa tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu, don haka sa ido a kan abin da ke cikin motar haya ba baƙon abu ba ne a wurinta. Za ta iya buɗe ƙofar karɓar bidiyo irin ta Birtaniya, da ka'idar ɓoye sunan wanda ya aiko. Kamfanonin inshora za su iya rage kuɗi ga mai kyamara, kamar yadda wasu ke yi a Birtaniya. Ƙungiyar direbobi ta NURTW kuwa, da ke da wakili a kusan kowace tasha, ita ta fi kowa damar farawa: ta tantance samfuri biyu ko uku masu jure zafi, ta saya da yawa a farashin sari tare da katin memori na gaskiya, ta fara da motocin dogon zango masu bin hanyar Kano zuwa Abuja da Kano zuwa Maiduguri, direba ya riƙa biya kaɗan-kaɗan daga kuɗin lodi.